Barka da Sallah daga Musina, da roƙo a kan kukar bayan gida

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Babbar Sallah, Allah Ya karɓi layyarku, Ya maimaita mana. Mu ma mun yi idi lafiya a nan Musina, bakin iyakar Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Watan Yuni a nan lokacin sanyi ne, don haka da rigunan sanyi muka je masallaci. Ku kuma na san damina ta kama, kukar bayan gida ta fara tohowa. Na nan duk sun kakkaɓe ganye, sai rassa tsirara.

Garin nan cike yake da kukoki. Bayan an gama rabon nama muka ɗauki mota muka nufi gabas, ƙasar mutanen Venda, don mu ga kukar Sagole, wadda ta fi kowace girma a ƙasar nan. Baba, sai da na yi tasbihi. Kewayen gindinta ya kusa mita 33, tsayinta kamar mita 22. Sai maza ashirin sun riƙe hannun juna kafin su zagaye ta. Na dafa jikinta, sanyi ƙalau, ɓawon sumul, launin toka mai ɗan ja, ga saiwoyi sun fito saman ƙasa yara na zama a kai. Akwai kogo a cikinta da mutum zai shiga ya tsaya. Har kuɗin shiga ake biya, kuma ba mai taɓa reshenta da gatari.

Amma abin da na ji game da 'yan uwanta ya tayar mini da hankali. Kukar gonar Glencoe, a nan Afirka ta Kudu, ta tsage a 2009. Ta gonar Sunland, ita ma a ƙasar nan, wadda har wurin shan abin sha aka yi a cikin kogonta, ta rushe tsakanin 2016 da 2017. Ta Panke a Zimbabuwe ta haura shekara 2,400 kafin ta mutu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka, 9 sun mutu ko sun rasa tsofaffin sassansu cikin shekara 12 kacal, kuma masanan suna zargin fari da ƙaruwar zafi. Itacen da ke ajiye ruwa a cikinsa, idan ƙishi ya kai ga kayar da shi, lamarin ba ƙarami ba ne.

Shi ya sa maganar da Yaya ya yi mini a waya ta tsaya mini a rai, wai za a sare tamu don a ƙara ɗaki. Don Allah Baba a duba. Zan ƙaro kuɗi a ja ginin ta gefen rijiya. Kuma a hana yara datse mata rassa gaba ɗaya wajen ɗibar ganye, a riƙa barin na sama. Sai da rassa take fure, farin furen nan da ke buɗewa da magariba, jemagu su zo su sha, daga nan a samu 'ya'ya. Matan Venda 'ya'yan suke tarawa su sayar, a niƙa garin a kai Turai, tun da aka halatta shigar da shi can a 2008. Mu kuwa muna da riba biyu, ga kwalba da nono, ga miya.

Inna, idan an samu ƙananan da suka tsiro a bola, a dasa ko biyu ne a gona, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Garin kukar da kika ba ni ya kusa ƙarewa, kuma ban ga mai sayar da shi a kasuwar nan ba. A aiko mini idan an samu mai tahowa.

Goron Sallar yara yana hannun Yaya. A gaishe da Kaka da Gwaggo da duk mutanen gida, a sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Sani