Sanarwa kan CV ɗin da ake turo mini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na duba CV ɗin, wato takardar bayanin karatu da ƙwarewa ta neman aiki, da wasunku suka turo makon nan, kuma gaskiya akwai gyara.

Wani ƙanenmu hoto ya ɗauka da waya, takardar a shimfiɗe kan tabarma, har inuwar hannunsa ta rufe sunan makarantarsa. Don Allah a je wajen masu kwamfuta a buga, a mayar da ita PDF. Shafi ɗaya ya ishi wanda bai daɗe da gama karatu ba.

Babbar matsalar tana wajen ƙwarewa. Kowa sai ya rubuta "mai ƙwazo, mai gaskiya". To wa zai ce shi malalaci ne? Faɗi abin da ka yi. In ka riƙe shagon kawunka a babbar kasuwar Garwa shekara 3, kana rubuta shiga da fitar kuɗi, ai aiki ne, sa shi da shekarunsa. Na baya-bayan nan shi ne a sama. Haka takardun makaranta: digiri, sai BAC, Probatoire, BEPC.

A rubuta da harshen da tallar aikin ta fito da shi, Faransanci ko Ingilishi. Kuma kada ku raina Hausa da Fillanci, ku sa su. Ƙungiyoyin agaji a yankin Marwa suna buƙatar mai jin maganar mutanen ƙauye.

Lambar waya ta zama taka, wadda ke kunne, ba ta Hajiya ba. Wanda bai yi rajista a ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi ta Kamaru, ba ya hanzarta. Mai son in sake duba masa ya turo kafin Juma'a.