Gidan da ake ginawa a saman kanmu

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan shiri, ina rubuto maka ne a madadin kaina da wasu magidanta da muke zaune a wani gangare a Mpape, cikin Ƙaramar Hukumar Bwari ta Abuja, domin neman shawara kan wani gini da ya hana mu barci.

Wani bawan Allah mai hali ya sayi filin da ke saman gidajenmu, ya fara gina bene mai hawa uku. Kafin ya sa harsashi, sai da ya kawo katafila ta yanke gefen tudun domin wurin ya daidaita, aka sare bishiyoyin da saiwoyinsu ke riƙe da ƙasar, aka kuma ture burji da duwatsun da aka tono zuwa bakin gangaren, daidai saman katangunmu. Har yau ba mu ga an gina katangar kankare da rodi da za ta tokare wannan tulin ƙasa ba. Abin da birkiloli suka jera bulo ne na shinge, wanda wani injiniya da ke cikinmu ya ce ba zai jure nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, musamman da yake ba a bar masa ramukan da ruwa zai tsiyaye ba.

Ruwa shi ne babban abin tsoronmu. A da, idan an yi ruwan sama, ƙasar tudun takan shanye wani kaso, saura kuma ya bi wata tsohuwar kwata ya sauka rafi. Yanzu an toshe kwatar, kuma muna jin za a shafe harabar gidan duka da siminti, ga faffaɗan rufi da zai riƙa kwararo ruwa wuri guda. Duk wanda ya san irin ruwan da ake tafkawa a Abuja cikin watannin Agusta da Satumba ya san inda wannan ruwa zai nufa. Tun yayyafin farko laka ta cika tsakar gidan wata gwauruwa da ke kusa da shingen, bangon ɗakin girkinta kuma ya tsage. Ba mu manta da motsin ƙasar da ya firgita Mpape a watan Satumban 2018 ba, lokacin da hukuma ta dakatar da fasa dutse da nakiya a yankin, shi ya sa ko ƙarar injin fasa dutsen maginansa muka ji sai gabanmu ya faɗi.

Akwai kuma batun sirri, domin tagogin hawa na sama suna kallon tsakar gidajenmu kai tsaye, inda iyalanmu ke girki da wanki ba tare da mayafi ba.

Mun je wurinsa tare da liman, ya karɓe mu da mutunci, ya ce yana da izinin gini kuma injiniyansa ya san aikinsa, amma bai nuna mana takarda ko taswira ba, mu ma kunya ta hana mu tambaya. Daga baya muka ji ana cewa hassada ce ke damunmu. Wallahi, Malam, ba ma baƙin ciki da arzikinsa. Shi ne ma ya gyara mana hanyar shigowa unguwa, kuma wannan alherin ya sa wasu daga cikinmu suka yi shiru.

Inda kanmu ya rabu shi ne kan kai ƙara Sashen Kula da Gine-gine na Abuja, wanda shi ke amincewa da taswirar gini. Matasanmu suna son a rubuta koke tun kafin damina ta kankama. Dattawa kuwa suna tuna barazanar rusau da aka yi wa Mpape a 2012, suna cewa da yawa cikinmu takardar ciniki kawai muke da ita daga masu unguwa, kada garin neman gira a rasa ido, jami'ai su zo duba gidansa su ƙare da shafa wa namu jan fenti. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga matasan, domin tulin ƙasar nan ba zai jira mu daidaita ba.

Don haka, Malam, shin maƙwabci yana da haƙƙin neman a nuna masa taswirar da aka amince da ita da tsarin magudanar ruwa, ko kuwa sai ta hannun hukuma? Idan muka kai koke, rashin cikakkun takardunmu zai iya zama makami a kanmu? Idan katangar ta faɗo ta yi ɓarna, wa doka za ta kama, mai gida ko injiniya? Sannan a Musulunce, yaya malamai suke kallon wanda ya karkatar da ruwan gidansa ko ya buɗe taga kan maƙwabcinsa, ko da filin mallakarsa ne? Muna so mu sake komawa wurinsa da hujja a hannu kafin a zuba kankaren rufin hawa na biyu.

Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
Wani magidanci daga Mpape, Abuja