Edita, ba tsawon ƙaya ake dubawa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan aiki na tafiya lafiya. Na karanta ɗan rahoton da kuka sa a shafin kimiyya kan sabon nau'in dainofilajilet, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa, da aka gano cikin dutse, na ji daɗi wallahi don ba kasafai ake taɓo wannan fanni ba, amma akwai wurin da ya tsaya min a rai, inda aka ce wai tsawon ƙayoyin jikinsa ne ya sa aka san sabo ne. Gaskiya wannan hujjar ita kaɗai ba ta isa ba.

Abin da ake samu a dutsen ai ba halittar ba ce ita kanta. Ita ƙwaya ɗaya ce tal mai yawo a ruwan teku da 'yan bulala biyu, in ta mutu ruɓewa take. Wasu daga cikinsu ne kawai, ba ma duka ba, ke yin kwanso mai tauri su kwanta ciki a ƙasan teku, in lokaci ya yi su fasa su fita su bar shi fanko, to shi ne ke shekara miliyoyi, taurinsa har ya kai a lab a narkar da dutsen da asid shi ko gezau, sai a tace a ɗora a gilashi a leƙa a maikuroskof.

Tun wajen 1830 da wani abu masanin kimiyya Ehrenberg na Jamus ya ga irin waɗannan kwanson a dutsen ƙyastu, Mantell na Ingila ya raɗa wa wani rukuninsu mai ƙaya sunan Spiniferites a 1850, amma masu ƙayar nan an fi shekara ɗari ana jayayya kan ko menene su. Sai a 1961 Evitt ɗan Amurka ya nuna abin da ya kamata a duba: ƙofar da halittar ta fita, da tsarin farantan jikinta, wato 'yan ɓangarorin da suka rufe ta kamar sulke, da suka bar shaida a kwanson. Ƙofar nan fa ba tsagewar banza ba ce, tana da kusurwoyi tsaf, wani a ƙoƙon kai take, wani a gefe sama da layin da ya zagaye tsakiyarsa kamar ɗamara, kamar an yanke faranti guda an cire. Su ma ƙayoyin in ka bi gindinsu sau da yawa a tsakiyar faranti ko a mahaɗarsu suke tsirowa, wato inda ƙayar ta tsaya ya fi tsawonta magana. Bayan nan wasu masu bincike, Wall da Dale, suka ɗebo kwanso masu rai a ciki daga laka suka ƙyanƙyashe su, sai ga dainofilajilet ɗin da aka riga aka sani da suna Gonyaulax ya fito daga kwanson Spiniferites, shi ya sa har yau abu ɗaya ke da suna biyu, na kwanso daban na mai rai daban.

To ga inda nake so a kula. Kwanson da ake kira Lingulodinium machaerophorum nau'i ɗaya ne, amma in ruwa ba gishiri sosai kamar Bahar Aswad ƙayoyinsa gajeru ne, wani ma kusan kututture, a ruwa mai gishiri kuma su miƙe zaƙo-zaƙo. Wanda ya dogara da tsawo sai ya raba shi gida biyu ko uku alhali ruwan ne ya bambanta. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, da waɗannan sunayen masu haƙar mai ke gane shekarun dutsen da injinsu ya kai, haka yawaitar kwanson da ake kira Apectodinium ke nuna ɗumamar duniya ta shekara miliyan 56 da suka wuce, in suna ya rikice lissafin ma ya rikice.

Don Allah ku sake tuntuɓar masu binciken su faɗa mana a ina ƙofar take, faranti nawa suka ƙirga, kuma kwanso nawa suka auna kafin su ce sabo ne, in da hali ku sa hoton a fito na gaba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Mai bibiyar shafinku na kimiyya