Zuwa ga Honarabul da ya tambayi wanda ke biya na

Ranka ya daɗe,

A shirin rediyon makon jiya ka tambaye ni gaban duniya: in ba 'yan kirifto ke ciyar da ni ba, me ya sa nake adawa da haramta kirifto, wato kuɗin intanet, alhali manhajar zuba jarin kirifto ta CBEX ta talauta mutane? Batun ciyarwar ya fi mini zafi. Masu karanta ni sun san inda nake samun tuwona, rubutuna kuma yana nan kowa ya duba. Naka samun ne har yau ba a yi wa mazaɓarka bayaninsa ba.

CBEX damfara ce. MMM ma, damfarar zuba kuɗi a ninka maka, ta kwashe na jama'a a 2016 ta asusun bankuna, ban ji ka ce a rufe bankuna ba.

Hanin da kake nema an riga an gwada shi. A Fabrairun 2021 Babban Banki, zamanin Emefiele, ya hana bankuna taɓa cinikin kirifto. Wata huɗu ke nan bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da aka toshe wa masu tallafa mata asusu suka koma karɓar gudummawa da Bitcoin. Wai arashi ne? Cinikin dai bai tsaya ba, ya koma hannu da hannu, inda idon hukuma ba ya kaiwa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, da bakinsa ya ce a tsara harkar maimakon a hana ta. Aka kawo eNaira, nairar intanet ta Babban Banki, a Oktoban 2021, jama'a suka ƙi kallon ta. A Disamban 2023 bankin ya lashe amansa.

Da naira ta faɗi warwas a farkon 2024, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Aka ce dala biliyan 26 ta bi ta kasuwar kirifto ta Binance, aka tsare ma'aikacinta Tigran Gambaryan har Oktoba. Sakin nairar da gwamnati ta yi a Yunin 2023 kuwa ba a so a tuna. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta amince da kadarorin intanet irin su kirifto, don an hango haraji.

Ka kawo misalin Sin da ta haramta a 2021. Shugabannin Sin ba sa zuwa roƙon ƙuri'ar matasa duk shekara huɗu, ku kuna zuwa. Yaran Kano da Kaduna da suka kwana suna dangwalar waya a Hamster Kombat, wasan da ya yi alƙawarin ba su kirifto, rashin aiki ya kai su, masaƙun Kaduna sun mutu a gaban idonku, kuma su ne za ku raba wa taliya ranar zaɓe.

In da gaske kake, majalisa na nan. Ka kai ƙudurin hanin da sunanka a kai kafin 2027.

Naka, da sauran ladabin da ya rage.