Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Kan Wakilin Suna a Turanci

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka ce wakilin suna ne ke ba ka wuya a Turancin da kake koyo. Kada hakan ya karya maka gwiwa, yawanci sabon da muka yi da Hausa ne ke biyo mu.

Dubi yadda muke cewa "Audu ya tafi". Wannan "ya" dole ce a wurinmu ko da an ambaci suna, amma Turanci bai yarda da ita ba. "Audu he went" kuskure ne, "Audu went" ta wadatar. Haka batun jinsi. Mu komai namiji ne ko mace, mota ita, littafi shi. A Turanci duka biyun "it" ne, "he" da "she" galibi na mutane ne.

Inda nake so ka fi sa hankali shi ne tsakanin "I" da "me", "he" da "him", "she" da "her", "we" da "us", "they" da "them". Na farko na mai aikatawa ne, na biyu na wanda aikin ya faɗa wa, ko wanda ya biyo bayan kalmomi irin su "to", "for" da "with". Rikicin yakan taso ne idan mutum biyu suka haɗu a jimla. Dabarar ita ce ka cire ɗayan, ka saurari abin da ya rage. Ba za ka ce "She called I" ba, saboda haka "She called Audu and me" ce daidai. Za ka ji har Turawan kansu suna cewa "between you and I", suna ganin ta fi ƙayatarwa. Kada ka bi su, "between you and me" ake rubutawa.

"You" kuwa sauƙi ce gare mu: kai, ke da ku duk ita ce, kuma "are" take ɗauka ko mutum ɗaya ne. Dalili shi ne asalinta ta jam'i ce da girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Ta mutum ɗaya ita ce "thou", wadda ta fara gushewa daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17.

Idan ba ka san mutum namiji ne ko mace ba, "they" ta halatta: "Someone left their bag". Sai kuma "its" ta mallaka da "it's" wadda taƙaitawar "it is" ce ko "it has". A baki ɗaya suke, a takarda ne ake kama mutum, don haka ka riƙa sake karanta abin da ka rubuta kafin ka aika.

Ka rubuto mini 'yan jimloli naka na kanka, in duba maka su da yardar Allah. A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka na kullum