Karkarwar Parkinson ba sammu ba ce, ba kuma tsufa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Laraba ya ɓata mini rai. Bawan Allah ya kira yana cewa hannun mahaifinsa na dama na karkarwa, tafiya ta yi masa nauyi, sai baƙonku ya ce tsufa ne ko sammu, a nemi hayaƙi. Mai gabatarwa kuwa ko uffan bai ce ba. Haba!

Abin da mutumin ya kwatanta ya yi kama da cutar Parkinson, kuma wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya kamata a tura mahaifin nasa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, ne ke mutuwa sannu a hankali. Karkarwar kan fara a ɓari ɗaya, lokacin da hannu ke ajiye a cinya, ta lafa idan an miƙa shi ɗaukar kofi. Wani ma ba ya karkarwa sam: jiki ne ke sanƙarewa, taku ya gajarce, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daskare har iyali su zaci fushi yake. Ba a ɗaukarta wurin cin abinci tare, ba kuma ta tsofaffi kaɗai ba ce. Ɗan damben nan Muhammad Ali na da shekara 42 aka gano tasa a 1984.

Ba ta warkewa, amma cewa ba ta da magani zalunci ne. Maganin levodopa na sassauta jiki sosai idan an kiyaye lokacinsa. A sha minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, domin nama, wake, ƙwai da nono na rage shigarsa jiki, haka ma ƙwayar ƙarin jini. Kada a yanke shi kwatsam don an koma na gargajiya, jiki na iya ƙagewa da zazzaɓi mai haɗari. A kuma kai wa likita duk maganin da majiyyaci ke sha, saboda metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali kan jawo irin waɗannan alamu.

Ku gayyato likita ya gyara wannan ɓarna a shiri na gaba. Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin basir a tsakiyar shirin, sun cinye lokacin masu kira.

Naku mai sauraro,
daga Zariya