Littattafan girkin matan Momon da matsalar "gwangwani ɗaya"

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba mu fili mu yi tsokaci kan littattafan girkin da matan cocin Momon ke haɗawa a jihar Yuta ta Amurka. Ƙungiyarsu, Relief Society, an kafa ta ne a garin Nauvoo da ke jihar Illinois a 1842. Matan kowace unguwa kan tattaro girke-girkensu a buga, da sunan mai kowane girki a jikinsa.

Tarihin mutanen yana cikin kayan haɗin. Burodin alkama ya cika littattafan, kuma ba mamaki, tunda a 1876 shugabansu Brigham Young ya ɗora wa mata aikin tara alkama. Da wuya ka ga giya ko gahawa, addininsu ya hana.

Girkin da ya fi suna shi ne dankalin makoki, wanda ake kai wa masu zaman ta'aziyya. Ana haɗa gurzajjen dankalin turawa kamar giram 900 da gwangwanin miyar kaza mai kauri, kirim mai tsami kofi biyu, cuku kofi biyu, albasa da narkakken man shanu rabin kofi. A barbaɗa konfilas a sama, a gasa minti 45 a zafin digiri 175 na ma'aunin Celsius. In dankalin na firiza ne ba a bari ya saki an tsane shi ba, ruwa zai kwanta a ƙasa. In an rufe tiren, saman ya yi laushi, armashin ya tafi.

Inda muke da ƙorafi shi ne awo. Tsofaffin littattafan kan ce "gwangwani ɗaya" ko "fakiti ɗaya", alhali kamfanoni sun sha rage girman kayansu, sai jika ta bi rubutun kakarta sau da ƙafa amma kek ɗin ya ƙi. Ga kuma tudu: birnin Salt Lake, babban birnin Yuta, yana kusan mita 1,300 sama da teku, ruwa na tafasa wajen digiri 96, ƙulli kuma ya tashi da wuri ya lotsa. Shi ya sa matan can ke rage bakin hoda su ɗan ƙara ruwa, ba tare da sun rubuta dalili ba. Wanda ke bakin teku in ya kwafa haka, kek ɗinsa zai yi nauyi.

Duk mai sake buga irin waɗannan littattafai ya bar rubutun asali yadda yake, ya ƙara nauyi da giram a gefe, da shekara da garin da girkin ya fito.

Mun gode.

Daga wasu masu nazarin tarihin abinci